Ba Kowane Kumburi Ne Kaluluwa Ba

Ina gaida mutanen Anka da Bagega, da na Bukkuyum da Nasarawar Burkullu, da na Gummi har zuwa Daki Takwas, da duk wanda muryata ta iske, ko a majalisa yake ko a bakin murhu. Iyayena mata, a ɗan matso kusa da rediyo. Ku ne masu jinya a kowane gida, maganar yau kuma ta mai jinya ce kafin ta zama ta likita.

Da abin da ya faru a danginmu zan fara.

Ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, manomi ne da ya ba sittin baya. Ya daɗe yana fama da ƙirji. In ya yi 'yar tafiya zuwa gona sai ya tsaya ya dafa bishiya, ya ce kamar an ɗora masa dutsen niƙa. 'Ya'yansa suka sayar da abin da za su sayar, aka kai shi wani babban asibiti a birni mai nisa, aka duba jijiyoyin zuciyarsa, aka buɗe wadda ta toshe. Ba a tsaga masa ƙirji ba. Gindin cinyarsa ta dama aka huda, daidai inda cinya ta haɗu da mara, aka zura siririn bututu har zuciya. Bayan kwana 2 aka sallame shi. Ya dawo gida da 'yar filasta, ana ta zuwa yi masa barka, shi kuma yana ta mamaki wai an taɓa masa zuciya babu ɗinki ko ɗaya.

Ni ma na je na gaishe shi. Na tambayi ƙirjinsa, na duba magungunansa, amma ban ce ya nuna mini inda aka huda ba. Kawuna ne, wurin kuma al'aura ne, sai na ji nauyi. Ni da na yi shekaru ina aikin jinya, wannan nauyin da na ji har yau yana damuna.

A rana ta biyar aka yi rasuwa a wani ƙauye kusa da su, ya hau bayan babur ya tafi ta'aziyya. Da ya dawo ya ji wurin yana masa zogi, ya shafa ya ji kumburi kamar ƙwan zabo. Ya yi shiru da bakinsa kwana biyu. Da abin ya kai ƙwan kaza ya faɗa wa iyalinsa. Ta ce kaluluwa ce, ta dafa ruwa ta yi masa gashi. Bai faɗa ba, sai ƙaruwa. Aka ce to maruru ne ya nuna, a kira wanzami ya yi sakiya.

Wanzamin nan dattijo ne, shi ya yi wa yaran gidan kaciya tun suna ƙanana. Ya zo ya ajiye zabira, ya zaro aska ya ajiye a gefe, ya ɗora yatsu uku a kan kumburin. Ya yi shiru. Can sai ya kamo hannun babban ɗan kawu ya ɗora a wurin, ya ce: “Ka ji? Wanga abu harbawa yake yi. Maruru ba ya harbawa. Wanga ba aikina ba ne, ku mai da shi ga waɗanda suka huda shi.” Ya mayar da askarsa cikin zabira, ko tukuici bai karɓa ba.

Jama'a, da askar nan ta shiga, da kafin a ɗebo ruwa a randa an yi salati a gidan. Abin da ke ƙarƙashin fatar nan ba mugunya ba ce. Jini ne, kuma jinin babbar jijiya.

Bari in nuna muku jijiyar a jikinku. Duk wanda yake shi kaɗai, ya sa yatsu uku a tsakiyar layin da cinya ke naɗewa idan an zauna, ya ɗan danna. Zai ji abu yana harbawa daidai da bugun zuciyarsa. Wannan ita ce babbar jijiyar da ke kai jini ƙafa. Kaurinta ya kai na ƙaramin yatsa, jinin cikinta kuma da ƙarfi yake tafiya, kamar ruwan da injin ban-ruwa ke turowa cikin tiyo a fadamar Gulbin Zamfara. Dab da ita ta ciki akwai 'yar uwarta mai mayar da jini zuwa zuciya. Ita a natse take, ba ta harbawa. Girman waɗannan biyun da kusancinsu da fata shi ya sa likitoci suka mai da su ƙofa. Akwai kuma ƙashi a bayansu, wanda in an gama aiki za a danne jijiyar a kansa har jini ya tsaya.

Dabarar ba ta yau ba ce. A 1929 wani matashin likita a Jamus, Werner Forssmann, ya zura bututu ta jijiyar hannunsa har cikin zuciyarsa, ya ɗauki hoto don a yarda. A 1953 wani likita ɗan Suwidin, Seldinger, ya fito da hanyar da ake bi har gobe: a soka allura, a zura siririyar waya ta cikinta, a zare allurar, a bi bayan wayar da bututu. A 1977 kuma a birnin Zurich likita Andreas Grüntzig ya fara buɗe toshewar jijiyar zuciya da 'yar balan-balan da ke bakin bututu. Irin aikin da aka yi wa kawuna ke nan. Rahama ce babba, domin abin da a da sai an raba ƙashin ƙirji yanzu ana yin sa mutum na farke yana magana.

Na san wani zai ce, mu nan ina mu ina aikin zuciya, wannan ai na masu zuwa Abuja da Legas da Masar da Indiya ne. To, ɗan uwa, akwai wata ƙofar da ta fi wannan kusa da mu, ita ce wankin ƙoda. Duk wanda ya taɓa raka majinyaci wankin ƙoda a Gusau, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko Asibitin Malam Aminu Kano, ya san sau da yawa a karon farko ta gindin cinya ake sa robar da jini zai bi ya shiga inji ya dawo. Wani likita a Landan, Stanley Shaldon, shi ya fara bin wannan hanya a 1961. Ciwon ƙoda kuwa ba baƙonmu ba ne. Hawan jini da ciwon suga suna nan a kowace unguwa. Mu kuma mutanen Anka da Bukkuyum muna da namu ƙarin: gubar dalma da ta bayyana a 2010 a Dareta da Abare da Yargalma da sauran garuruwan masu haƙar zinariya, wadda ta kashe yara fiye da 400. Dalma tana cikin abubuwan da ke lahanta ƙoda a hankali, tana kuma tayar da hawan jini. Haka nan akwai yaran da ake toshe wa ƙofar da aka haife su da ita a zuciya, da matasan da ake buɗe wa ƙyauren zuciya da ya ƙanƙance. Su ma ta gindin cinya ake bi.

Kada in tsorata kowa. Mafi yawan waɗanda aka yi wa wannan huji suna warkewa sumul, kuma ban yarda wani ya ƙi aikin da zai ceci ransa saboda maganata ba. Abin da ke hana ni barci daban ne. A birni ake yin hujin, amma in zai ba da matsala, wani lokaci sai an dawo gida, inda tsakaninka da likitan da ya yi aikin akwai tafiyar awoyi, ga hanya ba lafiya, ga dare ba ya tafiyuwa saboda 'yan bindiga. A wannan lokaci idon matarka da hannun ɗanka su ne asibitinka na farko. Shi ya sa nake so su san abin da za su duba.

Akwai abin da ba na damuwa ba ne. Wurin zai ɗan yi tsami na 'yan kwanaki. Fata za ta iya yin duhu, duhun ya gangaro cinya, ya wanke a hankali cikin mako 2 ko 3. Za a iya jin ɗan ƙullutu mai tauri kamar ƙwayar gujiya, ba ya girma, ba ya harbawa. Wannan duk hanyar warkewa ce.

Sai dai mu baƙaƙen fata ne, taruwar jini ba ta saurin nunawa a jikinmu. Don haka kada a dogara da ido kaɗai. Ga abin da muke yi a ɗakin jinya, kowa kuma zai iya yi a gida: a ɗauki biro a zagaye gefen kumburin. Bayan awa ɗaya a sake dubawa. In ya tsallake zanen, jini na zuba a ciki. A kuma sami zare a auna kaurin cinyar a ƙulla, a gwada da ɗayar. Cinya takan haɗiye fiye da lita ɗaya ta jini ba tare da ɗigo ɗaya ya fito waje ba, alhali jinin babban mutum gaba ɗaya wajen lita 5 ne.

Idan jini ya ɓalle a fili, ko kumburi yana tashi ana kallo, ba lokacin kururuwa da neman tsumma mai kyau ba ne. A kwantar da shi rigingine a ƙasa ko kan abu mai tauri, ba kan katifa mai laushi ba. Mai ƙarfi a cikin gida ya durƙusa, ya ɗora tsumma mai tsabta, ya danne da gindin tafin hannunsa, ya miƙe gwiwar hannu ya saki nauyinsa a kai. A ɗan haura sama da bakin hujin kamar faɗin yatsu biyu ta wajen mara, domin allura a karkace take shiga, hujin jijiyar yana sama da na fata. A riƙe minti 20 cur da agogo. Kada a ɗaga don a leƙa. Duk leƙe ɗaya yana rushe ɗan daskarewar da jini ya fara, sai an koma farko. Yana dannewa, wani na neman mota. A cikin motar ma a kwance, hannu na kai. Ba toka, ba ƙasa, ba garin magani, ba ganye. Ɗaure cinya da igiya ko roba ba ya amfani a nan, domin hujin yana sama da inda za a ɗaure. A kuma tafi da 'yan uwa biyu ko uku masu lafiya waɗanda za su iya ba da jini, kada sai an isa a fara kiran waya.

Yanzu ga irin na kawuna. Ku ɗauka tiyon ban-ruwa ya huje a ƙarƙashin yashi. Ruwan ba zai fito sama nan take ba, zai haƙa wa kansa rami, yana shiga yana juyawa. Haka jini ke yi idan hujin jijiya bai rufe ba. Yakan yi wa kansa 'yar jaka a cikin nama, jakar tana haɗe da jijiya ta siririn wuya, duk bugun zuciya sai ta kumbura ta saki. Ba ta da bangon kirki, nama ne da daskararren jini suka tare ta. Alamunta uku: tana ciwo, tana harbawa, tana girma. Takan fito bayan kwanaki, wani lokaci bayan makonni, lokacin da kowa ya manta da zancen huji. Kaluluwa takan biyo bayan ciwo a ƙafa ko yatsa, ba ta kuma buɗewa tana rufewa a ƙarƙashin hannu. Gwaiwa takan koma ciki idan an kwanta. Wannan ba ta komawa. Gashi da ruwan zafi yana ƙara mata gudun jini, murza da tausa suna iya fasa ta, aska da ƙaho kuwa ba sai na faɗa ba.

A asibiti maganinta sananne ne. Da na'urar sikanin ake fara dubawa, irin wadda ake duba mai ciki da ita, a ga jini yana shiga yana fita. Idan ƙarama ce ƙwarai, likita zai iya cewa a sa ido, domin wasu sukan toshe da kansu. Idan ba haka ba, sai a danne wuyan jakar da kan na'urar ana kallo a allo har jinin ciki ya daskare. Akwai zafi, yakan kuma ɗauki lokaci, shi aka yi wa kawu. A inda ake da shi, ana yin allurar wani magani mai suna turombin a cikin jakar, jinin ya daskare nan take. Idan ta yi girma sosai, ko ta kamu da ƙwayoyin cuta, ko fatar kanta ta fara sheƙi tana neman fashewa, sai tiyata a ɗinke jijiyar.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ba a gani. Idan allura ta ɗan haura sama da inda ya kamata, jinin ba ya taruwa a cinya, sai ya bi ta baya ya zuba a bayan hanji. Gindin cinya lafiya lau, filasta fes, amma mutum yana kukan kwiɓi ko baya ko mara ta ɓangaren da aka huda. Sai jiri, sai zufa mai sanyi, sai ƙishirwa, sai hamma, zuciya na bugawa da sauri. In ka ja fatar idonsa ta ƙasa ka ga ta yi fari, tafin hannu ma haka. Ba ya yawan faruwa, kuma galibi a ranar farko ko ta biyu yake nunawa. A gida sai a ce gajiyar mota ce, ko basir, ko iska ta taɓa shi. Wallahi ba gajiya ba ce. Wannan mutum ƙarin ruwa da ƙarin jini yake bukata yanzu-yanzu. A nufi babban asibitin da ya fi kusa, na Anka ko na Gummi ko na Bukkuyum, su tsayar da shi da ƙafafunsa tukuna, sannan su tura shi Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Yariman Bakura a Gusau, ko Sakkwato.

Sai ƙafar kanta. Gudan jini na iya toshe jijiyar, jini ya daina isa ƙasa. Gwajin mai sauƙi ne: a taɓa ƙafafu biyu da bayan hannu. Idan wadda aka huda ta yi sanyi kamar randa, tafinta ya koɗe, tana azabar ciwo ko ta mutu ba ya jin taɓi, ko yatsu sun ƙi motsi, to agogo ya fara aiki. Naman ƙafa ba ya jure rashin jini fiye da kamar awa 6 kafin ya fara lalacewa. Kada a kawo kaskon wuta, ƙafar da ba ta ji za ta ƙone bai sani ba. Kada a ɗaga ta kan matashi. A tafi. Uwar da aka yi wa ɗanta aikin zuciya ta cinya, ke ma ki riƙa taɓa ƙafafunsa biyu, domin jijiyar yaro siririya ce, shi kuma ba zai iya faɗa miki ba sai da kuka.

Wani lokaci kuma hujin kan haɗa jijiyoyin nan biyu, mai kai jini ƙafa da mai mayar da shi zuciya, ka ji wurin yana tsuma kamar wayar da aka kira ba ƙara. Wannan bai kai sauran gaggawa ba, da yawa sukan rufe da kansu, amma a kai likita ya gani.

'Yan uwana masu wankin ƙoda, naku ya fi na kowa bukatar haƙuri, domin ku ba sau ɗaya ake huda ku ba. Jininku ba ya saurin daskarewa saboda ciwon kansa, ga kuma maganin tsinka jini da ake sawa lokacin wanki. Idan an zare robar bayan an gama, kada ku yi gaggawar tashi don ku riski mota, ku bari a danne yadda ya kamata. Idan kuma an bar ta a jiki, ku sani robar cinya ta wucin gadi ce, ta 'yan kwanaki ce, ba ta makonni ba. Wurin yana kusa da mafitsara da bayan gida, ga zufa, ga zafin bazara irin namu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan roba kuwa tsaga ce da ta kai har cikin jini. Zazzaɓi da rawar sanyi ga mai roba a jiki, kada a ce na sauro ne a tsaya shan magani a kemis. Ja, zafi, wari ko mugunya a bakin robar, duk a koma asibiti a ranar. Kada ruwa ya taɓa wurin, kada a kwance bandeji a gida, kada kowa ya buɗe murfin robar. In ta zame ta fita, a danne kamar yadda na faɗa, kada a yi ƙoƙarin mayar da ita. In ƙafar gaba ɗaya ta kumbura ta yi nauyi, mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya mai komawa. Kada a yi tausa, domin gudan na iya ɓallewa ya tafi huhu. Numfashi ya sarƙe farat ɗaya ko ƙirji ya soke, wannan gaggawa ce ta rai. Wanda kuma aka ce wankinsa na dogon lokaci ne, ya tambayi likita tun da wuri batun sa roba a wuya, da batun haɗa jijiya a hannu, domin ita takan ɗauki makonni kafin ta nuna a fara amfani da ita.

Na taɓa karɓar wata baiwar Allah da ta kwana uku da zazzaɓi, robar cinyarta tana fitar da mugunya. Surukarta ce mai jinyarta. Na ce, “Inna, ba ki gani ba?” Ta ce, “Ɗiyata, yaya zan buɗe zanen matar ɗana?” Ita kuma yarinyar ta ce ta ji kunyar faɗa. Na fahimce su, don ni ma irin wannan nauyin ne ya hana ni duba kawuna. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tun kafin a baro asibiti a zaɓi mutum ɗaya da majinyaci ya yarda da shi, miji ko mata, ɗa ga uba, 'ya ga uwa, a ce kai ne mai duba wurin nan safe da yamma har mako guda. In an ba mutum aikin a gaban kowa, kunyar takan ragu.

Kwanakin farko a gida su ne abin lura, kuma takardar da asibitocin birni ke bayarwa ba ta san rayuwarmu ba. Za ta ce kada ka tuƙa mota, kada ka ɗaga abin da ya wuce kamar kilo 5 na tsawon mako. Mu kuwa a nan abin da ke buɗe huji shi ne bayan babur a kan hanyar da ruwa ya cinye, da jan guga a rijiya, da daka, da ɗaukar buhu, da sunkuyon noma, da doguwar tsugunne a masai ana yunƙuri. A samo kujera a huda ta a ɗora a kan masai. A ci abin da zai sassauta ciki, a sha ruwa, in ban da mai ciwon ƙoda, shi ma'aunin likitansa zai bi. In tari ko atishawa ya zo, a dafe wurin da hannu. A ɗan dakata da kwanciyar iyali na 'yan kwanaki. Batun salla kuma, ku tambayi malamanku, za su tabbatar muku cewa shari'a ta yi wa mara lafiya sauƙi ya yi a zaune, in bai iya ba a kwance. Tafiya a hankali cikin gida tana da kyau, ba a ce a kwanta kamar gawa ba.

Akwai kuskure ɗaya da nake roƙo kada a yi. Wanda aka sa wa wani ɗan ƙarfe mai kama da raga a jijiyar zuciya, ana ba shi asfirin da wani maganin na biyu don kada jini ya daskare a kan ƙarfen. Idan ya ga duhu a cinya ko ɗan kumburi, sai wani mai son sa ya ce ai maganin tsinka jinin nan ne, ka bar shi. Barin sa na iya toshe jijiyar zuciya gaba ɗaya. Likita kaɗai ke da ikon cewa a tsaya. Haka nan magungunan ciwon jiki na kemis da na 'yan talla a kasuwa, irin su ibuprofen da diclofenac, suna ƙara zubar jini, suna kuma cutar ƙoda. Farasitamol ya isa, in bai isa ba to ciwon ne ke bukatar a duba shi.

Tun ran gini ran zane. Tun 1989, lokacin da wani likita a Kanada mai suna Lucien Campeau ya fara bin jijiyar wuyan hannu, likitocin zuciya da yawa sun koma can, domin ta fi ƙarancin zubar jini, mutum kuma yana tashi da wuri. Ba kowane aiki ke yiwuwa ta hannu ba, amma ba laifi ka ce, “Likita, ni daga Gummi nake, za a iya bi ta hannu?” Ka faɗa masa nisan gidanka da halin hanyarku. Shawarata kuma, wanda yake da ɗan uwa a birnin da aka yi aikin, ya ƙara kwana 2 ko 3 a can kafin ya kamo hanya. Na san kuɗi sun ƙare, na san gida na kira. Amma kuɗin kwana uku a ɗakin ɗan uwa bai kai kuɗin shatar mota da tsakar dare ba, in ma an sami direban da zai yarda ya fita. In an dawo, a riƙe lambar direba ɗaya a hannu. Abin da aka gani da la'asar kada a ce a bari a gani zuwa dare.

Abokan aikina na ƙananan asibitoci da masu kemis, duk wanda ya zo da kumburi a gindin cinya, kafin ku taɓa allura ko reza ku tambaye shi ko an taɓa huda shi a nan. Ku ɗora hannu ku ji, ku nemi bugun jijiya a bayan ƙafa da gefen idon sawu, ku zagaye da biro, ku auna jini, ku tura. Kada a soka sirinji don a ga abin da ke ciki. Iyayenmu wanzamai, ku kuma hannunku ya san jiki fiye da yadda ake zato, ɗayanku ne ya ceci kawuna. Abin da ya harba a ƙarƙashin yatsunku, ku mayar da aska.

Kafin a sallame ku, ku sa a rubuta muku a takarda: ranar da aka yi aikin, wace cinya, wace jijiya, ko da hannu aka danne ko an sa abin toshewa, sunayen magunguna, da lambar wayar da za a kira. Ku ɗauki hotonta a waya. Ma'aikacin da zai karɓe ku a Anka ko Bukkuyum da ƙarfe biyun dare bai ga aikin ba, wannan takarda ce za ta gaya masa inda zai fara. Kawu yana nan da ransa, bana ma ya yi noman gero. Tasa takardar tana naɗe cikin leda tare da katin zaɓensa, a aljihun gaban riga.

Mu kwana nan. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.